Daga Illela Zuwa Illela: Rabin Tarihinmu Yana Hayin Iyaka

Ranar Lahadi kasuwar Illela take ci. Kafin hantsi ya ɗaga ƙura ta riga ta turnuƙe kara: raƙuma a gurfane suna tuƙa, jajayen shanun Azawak sun cika turaku, ga raguna balami da uda, ga jakuna da awaki ba iyaka. Can gefe an jibge buhunan wake da albasa, da dabino da kanwa da cuku. 'Yan canji suna kan bencinsu, damin naira a hannu ɗaya, sefa a ɗayan. Da yawa daga cikin dabbobin nan daga Nijar suka taso, kuma kafin dare manyan motoci za su kwashe su zuwa Legas da Ibadan da sauran garuruwan kudu. Ranar Laraba sai abin ya juya. Mutanen Illela su hau babura da motoci su nufi Birnin Ƙonni, 'yan kilomitoci kaɗan arewa da su, domin ranar ce tata kasuwar.

Na daɗe ina kallon wannan kai-da-komo, kuma abu guda ke ci mini tuwo a ƙwarya. Cikin dubban 'yan Nijeriya da ke tsallaka wannan iyaka, da wuya ka sami wanda ya tsallaka don ya ga ƙasar kawai. Muna zuwa saye da sayarwa, muna zuwa biki da suna da ta'aziyya, muna kai marasa lafiya asibitin Galmi. Amma da an ce yawon buɗe ido, sai hankalin mai hali ya tafi Dubai ko Masar, marar hali kuma ya ce wannan ai sha'anin Turawa ne. Alhali ga ƙasa sukutum a bakin ƙofarmu, ba ta neman biza, ba ta neman tikitin jirgi, ba ta neman tafinta, kuma babban kaso na labarin da muke ba 'ya'yanmu game da Shehu da Gobir da Adar a cikinta ya faru.

Tun kafin a kai shinge

Daga Sakkwato zuwa Illela bai cika kilomita 100 ba, ta Kware da Gwadabawa. A ƙasar Gwadabawa Degel take, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa har zuwa hijirarsa Gudu a watan Fabrairun 1804. Matafiyi ya riƙe wannan suna, don zai sake bukatarsa bayan ya tsallaka.

Dab da Illela kuma akwai Tafkin Kalmalo. Ruwan da ke cika shi ba na Nijeriya ba ne. Majiya ce ke kawo shi, wani gulbin damina da ke gangarowa daga duwatsun Adar, ya bi ta gefen Ƙonni, ya zo ya zube a nan. Da aka gina madatsun ruwa na Mozage da Zango a ɓangaren Nijar don noman rani na Ƙonni, sai manoma da masuntan Kalmalo suka ga tafkinsu yana ja da baya. Maganar ta kai ga hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu da aka kafa a 1971, kuma Majiya tana cikin koguna huɗu da yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 ta tsara rabon ruwansu. Wanda ya tsaya a bakin Kalmalo ya riga ya ga ƙarshen wani labari da farkonsa ke Nijar.

A bakin iyaka ana son fasfo da katin rigakafin shawara. Agogo ba ya canzawa. Gaisuwa ma ita ce dai: ina kwana, lahiya lau, ina gajiya, da irin harshen nan na yamma da Basakkwace ya tashi da shi. Abin da ke fara nuna maka ka bar gida shi ne kakin jandarma, da allunan Faransanci, da dogon burodi a teburin mai shayi, sai kuma lissafin kuɗi. Mutumin Nijar da dala yake ƙirga, dala guda kuwa sefa 5 ce. In mai goro ta ce maka dala ashirin, sefa 100 take nufi, jaka guda kuma 1,000. Baƙo kan yi kwana biyu yana lissafi da yatsu kafin ya saba. Za ka ji yaro ya ce zai tafi lakwal, direba ya ce an tsayar da shi a duwan. Hausa ɗaya ce da ta yi aron kaya a gidaje biyu, tamu a gidan Ingilishi, tasu a gidan Faransa. Tun watan Maris na 2025 ma, sabon kundin mulkin Nijar ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mai da Faransanci harshen aiki.

Yadda aka ja layin

Wannan layi da ya raba Illela da Ƙonni bai daɗe ba. A 1890 Ingila da Faransa suka ja shi a takarda daga Say a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi, ba tare da sun san ƙasar ba. A 1898 suka sake zama a Paris, suka kafa tsinin alƙalami a kan Sakkwato suka zana baka mai nisan mil 100, wato wajen kilomita 160, suka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. Da wannan zane ya tabbata, da yau Ƙonni ƙaramar hukuma ce a jihar Sakkwato. Sai Faransawa suka tarar hanyar da aka bar musu daga Kwara zuwa Damagaram ba ta da rijiyoyi. Suka koma teburi a 1904 da 1906, aka turo layin kudu, sannan Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasa daga 1906 zuwa 1908 suna kafa turaku. Neman ruwan sha ga ayarin soja shi ya sa wa ya zama ɗan Nijar, ƙane ɗan Nijeriya.

Ƙonni

Yawancinmu tasha da kasuwa kawai muka sani a Ƙonni, kuma wannan rashin adalci ne ga garin. Nan ne zuriyar Musa Jakollo, kakan Toronkawa, ta sauka bayan doguwar tafiyarta daga Futa Toro, ƙarnuka kafin jihadi. Daga wannan zuriya aka haifi Shehu a 1754 a Maratta, wadda ke gabas da Ƙonni wajen Galmi. Wato mutumin da ya kafa Daular Usmaniyya, a taswirar yau, a Nijar aka yanke masa cibi, daga baya iyayensa suka koma Degel. Yana saurayi ya bi malaminsa Jibrilu ɗan Umar har Agadas. Da yaƙi ya tashi a 1804, Ƙonni na cikin garuruwan farko da jama'arsa suka ci. Muna ɗaukar ɗalibai zuwa Hubbare, wani lokaci har Degel da Gudu da Alkalawa, amma ban cika jin an kai su Maratta ba, ga ta kuwa tafiyar wuni guda ce daga Sakkwato, zuwa da dawowa.

Akwai kuma labarin da ya fi wannan nauyi, wanda kowane ɗan Ƙonni ya gada daga bakin kakanni, mu kuwa a wannan ɓangare kusan ba mu san shi ba. A watan Mayun 1899 wata rundunar Faransa ƙarƙashin Kyaftin Paul Voulet da Julien Chanoine ta iso garin a kan hanyarta ta zuwa Tafkin Chadi. Tun daga bakin Kwara suke ƙone ƙauyuka, suna kwashe hatsi da dabbobi, suna kama mutane a sa su dako. Ƙonni a lokacin babban birni ce mai ganuwa. Suka buɗe mata wuta da igwa da bindigogi, suka karkashe jama'a masu ɗimbin yawa, suka cinna wa garin wuta. A bisa zanen 1898 ma garin ba ya cikin rabon Faransa. Ta'asar ta yi yawa har labari ya kai Paris, aka turo Kanar Klobb ya karɓe rundunar. Bai sha wuyar gano hanyarsu ba, don toka da gawarwaki suka yi masa jagora. Da ya cim musu a Dankori ranar 14 ga Yulin 1899, Voulet ya sa aka harbe shi. Cikin kwana uku sojojinsu na Afirka suka juya musu baya suka kashe Voulet da Chanoine duka biyu, kaburburansu suna nan a Maijirgi kusa da Tasawa.

Duk lokacin da na tuna cewa wannan ya auku shekara huɗu kacal kafin Turawan Ingila su ci Sakkwato a watan Maris na 1903, kuma a wurin da ɗan Illela ke zuwa da babur ya sayo shinkafa ya dawo kafin azahar, sai in ji takaicin yadda littattafan makarantunmu suke tsayawa cak a bakin iyaka kamar su ma jami'in shige da fice ne ya tare su. Shirin nan mai suna African Apocalypse da ya fito a 2020 ya bi sawun rundunar gari-gari, ya saurari jikokin waɗanda abin ya shafa suna ba da labari da Hausa. Ya kamata a ce mu muka fara zuwa sauraro.

Kusa da garin akwai ƙauyen Masallata, inda Azna suke riƙe da al'adun da suka girmi zuwan Musulunci, har da taron shekara-shekara da ake duba abin da damina za ta zo da shi. Ba sai mutum ya yarda da abin da ake yi ba kafin ya gane darajar ganinsa. Kalmomi irin su buɗin daji da arwa, da muke tsinta a littafi ko a bakin tsofaffi, a can suna da rana da wuri da masu yi.

Hanyar Adar

Ƙonni tana kan babbar hanyar da ta ratsa Nijar daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram da Diffa. Kaɗan gabas da ita, a Tsarnawa, hanya ta rabu. Wanda ya miƙe zai wuce Malbaza mai masana'antar siminti ya isa Galmi, garin da ya ba albasa sunansa. Jar albasar Galmi an san ta har Abidjan da Accra da Kwatano, kuma rumbunan ajiyarta na kara da ke jere a bakin hanya abin kallo ne su kansu. Asibitin mishan na garin yana aiki tun 1950.

Amma ni hanyar arewa na fi so, wadda ta nufi Tawa. Nan ƙasa take sauya kama. Shimfiɗaɗɗen yashin da ido ya saba da shi sai ya ba da wuri ga tuddai masu shafaffen kai, jajaye da baƙaƙen duwatsu, fako ya miƙe ba ko ciyawa, sannan kwatsam hanya ta gangara cikin kwari kore shar da gawo da goriba da gonakin dawa. Wannan ita ce Adar. In da damina ka je, za ka ga ruwa na tsere daga kan duwatsu yana yanka ƙorama. In da hunturu ne, tuddan sai su yi kamar suna iyo a cikin hazo.

Mutanen wannan ƙasa sun yi kokawa da ita, kuma alamun kokawar na cikin abin da ya cancanci kallo. A kwarin Majiya, tun 1975, manoma tare da ƙungiyar CARE suka dasa dogon yaro layi biyu-biyu a tsakiyar gonaki don kare shuka daga iskar da ke binne ta da yashi, itatuwan sun girma sun zama katanga mai tafiyar kilomitoci. A Keita kuwa, daga 1984, wani aiki da Italiya ta ɗauki nauyinsa ya sa aka jera duwatsu a jikin tuddai, aka haƙa ramuka masu tare ruwa, aka farfaɗo da fakon da kowa ya fid da rai da shi. Mata ne suka yi yawancin aikin, domin mazan Adar ci-rani ya kwashe su zuwa bakin teku. Manomin Gada ko Tangaza ko Illela da gonarsa ke zaizayewa zai amfana da wuni guda a nan fiye da taron bita goma a otal.

Ba nisa da wannan hanya akwai ƙauyen Yama. A 1962 jama'ar garin suka ba wani manomi kuma magini, Falke Barmu, aikin gina masallacin Juma'a da ƙasa. Kowa ya kawo abin da yake iyawa, wani tubali, wani ruwa, wani azara. Bayan shekaru ya sake rufin da bakan gizo da tulluwa, sannan ya ɗaga hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowace da irin surarta, ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta. A 1986 masallacin ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gini, wadda manyan magina na duniya ke takara a kanta. Mu da muke rushe soron kakanni mu kafa bulo da kwano, mu ce ci gaba ne, ya dace mu je mu tsaya a inuwar wannan gini da tsakar rana mu ji sanyin cikinsa.

Sai kuma ɗaya Illelar. Mutane da yawa ba su san cewa Nijar ma tana da garin Illela ba, a jihar Tawa, kuma can ne fadar Sarkin Adar. Sarautar ta samo asali daga Agabba, ɗan Sarkin Agadas, wanda ya ci Adar wajen shekara 300 da suka wuce. A cikin wannan gunduma Dandaji take, mahaifar Mahamadou Issoufou da ya shugabanci Nijar daga 2011 zuwa 2021. Adarawa kuwa ba baƙi ba ne a Sakkwato, unguwanni da ƙauyuka nawa ne ke ɗauke da sunansu. Tafiya daga Illelar Nijeriya zuwa Illelar Adar ba ta cin wuni.

Tawa ita ce ta karɓi gasar kokawa ta ƙasa karo na farko a 1975, gasar takobi da har yau take zagaya jihohi takwas, ta tsayar da ƙasar cak a gaban rediyo da talabijin. Daga nan hanya ta miƙe ta Abalak zuwa Agadas, birnin da hasumiyar masallacinsa ta ƙasa ta kai mita 27, wanda UNESCO ta sa tsohon garinsa cikin kayan tarihin duniya a 2013. Bayansa akwai duwatsun Asbin da saharar Tenere, da zanen raƙuman dawa a jikin dutse a Dabus mai shekaru dubbai, da taron makiyaya na Ingal bayan damina, inda Abzinawa da Fulani Bororo ke haɗuwa dabbobi su lashi gishiri. Wannan tafiya ce ta mai guzuri da lokacin kwanciyar hankali.

Ta yamma

Wanda ya juya yamma daga Ƙonni zai isa Dogon Dutsi a ƙasar Arewa, inda jajayen duwatsu suka tsaya a kan gari kamar ganuwa. A wannan yanki Lugu take, garin Sarauniya Mangu da ta tari rundunar Voulet a watan Afrilun 1899, makonni kaɗan kafin su isa Ƙonni. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafi a kanta a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim da ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1987, kuma har yau ana naɗa Sarauniya a Lugu. Gaba da Dosso, a Kure, ragowar raƙuman dawa na Afirka ta Yamma suke kiwo a tsakanin gonakin gero. A tsakiyar shekarun 1990 saura wajen 50 suka rage, yanzu sun haura 600. A Yamai, kimanin kilomita 420 daga Ƙonni, gidan tarihi na Boubou Hama yana ajiye da ƙasusuwan manyan dabbobin zamanin da, da kututturen itacen nan tilo na Tenere da wata mota ta kayar a 1973.

Abin da ke tare hanya

Ba zan yaudari mai karatu ba, tafiya a wannan yanki ba kamar da take ba. A Kure ɗin nan 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a watan Agustan 2020, shida Faransawa biyu 'yan Nijar. A ɓangarenmu ga 'yan fashin daji a gabashin Sakkwato, ga Lakurawa da suka addabi Tangaza da Gudu da kewaye. Mai hankali ba ya tafiyar dare, ba ya barin kwalta ba tare da ɗan gari ba, kuma yana tambayar direbobin tasha halin hanya a ranar da zai tashi.

Sai kuma ƙofar kanta, da ake rufewa duk lokacin da manya suka yi fushi. An rufe ta daga 1984 zuwa 1986, a tsakiyar fari, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan lokaci suna El-Buhari. An sake rufewa a watan Agustan 2019, sai a Disamban 2020 aka buɗe Illela cikin iyakoki huɗu na farko. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 da ya kifar da Mohamed Bazoum, aka sake garƙamewa, motoci suka yi jerin gwano albasa na ruɓewa a cikinsu, sai a watan Maris na 2024 aka buɗe. A watan Janairun 2025 Nijar ta kammala ficewa daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso, ko da yake ɓangarorin biyu sun bar wa talakawa damar shiga da fita ba biza. Kowace rufewa, ɗan kasuwa yakan sami ɓarauniyar hanya ta cikin gonaki, mai zuwa jana'izar gwaggonsa ma haka. Wanda ake yankewa gaba ɗaya shi ne malamin da ya so ya cika mota da ɗalibai ya kai su su gani da idonsu.

Wannan malami nake so ya sake ɗaura niyya, tunda ƙofa a buɗe take. Ba sai an kai Agadas ba. A tashi daga Illela da sassafe ranar Laraba, a tsaya a Kalmalo yara su ga inda Majiya ta ƙare. A tsallaka, a kai gaisuwa fadar Sarkin Ƙonni, a roƙi wani dattijo ya nuna inda ganuwa take da, ya faɗi abin da kakarsa ta gaya masa game da shekarar da Turawa suka ƙone garin. A ratsa kasuwa kowa ya gwada ciniki da dala. Bayan azahar a miƙa Galmi da Maratta, a sayo kilishi da cuku na tsaraba, a juyo da la'asar sakaliya, a yi sallar magariba a gida.